Wembanyama zai wuce Olajuwon? Muhawarar 'yan kwandon Zariya

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya a bakin fili har aka taso mini, yau ga ta a rubuce don kada gobe a ce ban faɗa ba: Victor Wembanyama, matashin ɗan kwandon Faransa, zai wuce Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyar da ya yi suna a Houston Rockets. In Allah ya ba shi rai da lafiya, ranar da zai ajiye ƙwallo babu ɗan tsakiyar da za a jera da shi a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Yaya na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Zuwa tsakiyar 2025 kaka biyu kacal yaron nan ya buga, ta biyun ma bai ƙarasa ta ba. Ka bi a hankali ƙanena.

Ɗan Samaru: Yaya, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. An haife shi a Janairun 2004, San Antonio Spurs ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2023 yana ɗan shekara 19. A kakarsa ta farko yana cin maki 21 a wasa, ribawun (cafke ƙwallon da ba ta shiga kwando ba) 10 da ɗoriya, ga tare ƙwallo 3.6 wanda babu wanda ya kai shi a duk gasar. Masu jefa ƙuri'a kaf shi suka zaɓa gwarzon sabbin 'yan wasa, ko mutum ɗaya bai ware ba. A wannan shekarun Hakeem yana jami'ar Houston, sai 1984 ya shiga NBA yana da 21. Daren da ya zuba wa Washington maki 50, a Nuwamban 2024, idona biyu har asuba. Mutum mai tsawon ƙafa 7 da inci 4 yana murza ƙwallo tsakanin ƙafafunsa, ya ja baya ya jefa ta maki uku kamar ƙaramin ɗan wasa. Ban taɓa ganin irinsa ba.

Na Sabon Gari: To ai nan ne matsalata da shi. Jifan maki uku kusan tara yake yi a kowane wasa a kakarsa ta biyu. Allah ya ba ka hannun da in ka buɗe shi ya kai ƙafa 8, sai ka tafi can nesa ka tsaya? Duk kocin da zai kara da Spurs addu'arsa ke nan, yaron ya yi ta jifa daga waje. Hakeem kuwa in ya juya maka baya a gindin kwando, kafaɗa ta yi hagu ƙafa ta yi dama, kafin ka ankara kana sama shi yana ƙasa yana jiranka ka sauko. Tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu ya fara yi a Legas, daga can ya zo da ƙafafun nan.

Yaya na Tudun Wada: Kuma a tuna, kakar Hakeem ta biyu, 1986, shi da Houston suka fitar da Lakers ta su Magic da Kareem suka kai wasan ƙarshe. Spurs ta Wembanyama wasa 22 ta ci cikin 82, sannan 34. A kaka biyun nan ko ƙofar wasannin fidda gwani bai leƙa ba.

Ɗan Samaru: Mutum ɗaya ba ya cin kofi, Yaya. Ku dubi waɗanda aka haɗa shi da su. In kuma babban wasa kuke so, wasan ƙarshe na Olamfik a Paris a 2024 fa? Gaban LeBron da Curry da Durant ya ci maki 26. Faransa ta sha kashi a hannun Amurka 98 da 87, amma yaron bai ɓuya ba, ya fita yana hawaye.

Baba Koci: Na karanta duka. Ɗana na Samaru, ba ka yi ƙarya ba a kan baiwarsa. Na haura shekara talatin ina tsaye a bakin fili, ban ga dogon da ya iya abin da yake yi ba. Amma ka ce ba a taɓa ganin irinsa ba, mu mun ga mai kama da shi. Ralph Sampson, shi ma ƙafa 7 da inci 4, Houston ta ɗauke shi na ɗaya a 1983, ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa, yana gudu da ƙwallo kamar barewa. Shi ne ma ya jefa ƙwallon da ta fitar da Lakers a 1986 ɗin da Yayanku ya ambata. A lokacin da yawa sun ɗauka shi ne babba, Hakeem mataimaki. Gwiwa ta cinye shi kafin ya kai talatin. Yao Ming ya ajiye ƙwallo a 2011 yana da shekara 30 saboda ƙashin ƙafa. Greg Oden, da aka ɗauka gaban Durant a 2007, wasa 105 ya buga duk rayuwarsa a NBA. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Zan gaya muku abin da har yau yake damuna. An taɓa kawo mini wani yaro daga wani ƙauye ta hanyar Giwa, ɗan shekara 16, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Muka yi zumuɗi. Muka sa shi tsalle safe da yamma a kan siminti, cikin hunturu, ba ɗumama jiki na kirki. Babu lambar takalminsa a duk kasuwar Sabon Gari, sai ya sa reza ya yanke bakin wanda ya samu, yatsunsa a waje suna gogar ƙasa. Muna ganin yadda yake dira da ƙafa a miƙe, gwiwa na shigewa ciki, amma tunda yana kama bakin kwando sai muka yi ta tafi. Shekara biyu ba ta cika ba gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Yanzu ko a sahun salla sai ya zauna a kujera. Tun daga ranar, in aka kawo mini dogo ba na kallon samansa. Ƙafarsa nake kallo, da ƙugunsa, da yadda yake saukowa in ya yi tsalle.

'Yar Kongo: Allah ya ba shi lafiya, Baba. Amma a yi wa Wembanyama adalci a nan. Abin da ya tsayar da shi a Fabrairun 2025 ba gwiwa ba ce, ba ƙashin ƙafa ba ne. Jini ne ya daskare a jijiyar kafaɗarsa ta dama, ya tsaya bayan wasa 46. Irin wannan ya samu Brandon Ingram a hannu a 2019, aka yi masa aiki ya dawo ya ma fi da. Chris Bosh ne nasa ya maimaitu har ya raba shi da wasa. Don haka abin tsoron shi ne ciwon ya dawo, ba wai tsawonsa ne ya karya shi ba. Kuma abin da Baba yake dubawa masu kula da yaron ma shi suke dubawa. Kuna ganinsa kafin wasa ba takalmi, yana motsa yatsun ƙafa, yana lanƙwasa jiki kamar roba. Mahaifiyarsa kociyar kwando ce, mahaifinsa ɗan asalin Kwango ɗan wasan tsalle ne. Ba su yi gaggawar loda masa nauyi ba.

Baba Koci: Haka ne 'yata, kuma na yaba musu. Saukarsa tana da kyau, na lura. Shi ya sa ban ce ba zai kai ba.

Ɗan Samaru: To Baba ga lissafi. Hakeem ne ke riƙe da tarihin tare ƙwallo, 3,830. Wembanyama ya tare 254 a kakar farko, 176 a ta biyu, kuma da wasa 46 ɗin nan ma babu wanda ya kamo shi. 430 ke nan.

Yaya na Tudun Wada: Ƙarasa lissafin mana. Bayan kaka biyun nan saura 3,400. Ko da zai riƙa tare 250 duk shekara ba fashi, sai ya yi kusan shekara 14 nan gaba. Hakeem kaka 18 ya buga. A 1994 ya haɗa gwarzon gasa da gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe a shekara ɗaya. A 1995 ya bi ta kan David Robinson na Spurs ɗin nan, ya share Orlando ta Shaquille 4 da 0. A Fabrairun shekarar yana azumin Ramadan aka ba shi gwarzon wata. Wannan ne dutsen da kake cewa yaron zai haye.

Na Sabon Gari: Ni dai sharaɗina ɗaya ne. Ranar da na ga ana saura minti biyu, wasa ya yi zafi, ya nemi ƙwallo a gindin kwando ya ci da ƙarfi sau uku a jere, zan dawo layinka.

Ɗan Samaru: Na karɓi maganar lafiya, ba ni da ta cewa a kanta. Amma ina nan a kan bakana: in ya samu shekara 12 lafiya lau, zai wuce. A tsaro ma ina ganin ya kusa. 'Yan wasa suna shigowa su hango shi su juya da ƙwallonsu, wannan ba ya shiga lissafi.

'Yar Kongo: Wannan gaskiya ne. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne labarin Baba. A garin nan Masai Ujiri ya taso, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi kwando, ya je ya haɗa ƙungiyar Toronto da ta ci kofi a 2019. Dogayen yara ba su ƙare a ƙauyukanmu ba. Akwai wani a unguwarmu yanzu haka, shekararsa 14, ya fi ƙofar shagon babansa tsawo, har an fara sa shi tsalle.

Baba Koci: A dakatar da tsallen. Ki kawo mini shi ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, tare da mahaifinsa in zai samu zuwa. Ki auno tsawon tafin ƙafarsa da zare ki taho da shi, mu ga ko za a samo masa takalmi a Kano.