Daga Cape Coast zuwa Busua: waɗanda suka san hanyar su faɗa mana

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai baƙi da za su kwana biyu a Cape Coast ta ƙasar Gana, daga nan su wuce Busua su huta a bakin teku. Mutum uku ne, da jakunkuna, ba su da motar kansu. A taswira wurin kamar kusa, amma wasu na cewa wuni guda ake yi. Waɗanda ke bin hanyar nan, don Allah a yi mana bayani dalla-dalla: ina ake shiga mota, ina ake sauka, ƙarfe nawa ya kamata a tashi?

Direban Takoradi: Wa alaikumus salam Malam. Babu motar haya da ke tashi daga Cape Coast ta dire Busua kai tsaye, wannan shi ne abin da za ka fara gaya musu. Hawa uku ne. Na farko Cape Coast zuwa Takoradi, kimanin kilomita 80 a kan babban titin bakin teku, awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Na biyu Takoradi zuwa Agona Nkwanta, wajen kilomita 25. Na uku ƙaramar tasi daga Agona zuwa Busua, kilomita 10 ko makamancin haka, minti 20. Idan ka haɗa, tafiyar kanta ba ta wuce awa uku ba, amma jiran mota ta cika a tasha uku shi ke mayar da ita awa huɗu zuwa biyar. Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ta da lokacin tashi, sai kujerar ƙarshe ta samu mai ita.

Su bar masauki kafin bakwai na safe. A lokacin 'yan kasuwa da ma'aikata na tururuwa, mota kan cika cikin minti kaɗan. Daga sha ɗaya zuwa biyu na rana kuwa mutum na iya zama awa guda cikin mota yana zufa ana jiran fasinja biyu. Ranar Lahadi da safe ma haka abin yake, jama'a na coci.

Hajiya mai kayan gwari: Direba ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake wani wuri da baƙi ke faɗawa. Idan za su tambayi mota, su faɗi sunan cikakke: Agona Nkwanta. Akwai Agona Swedru a Yankin Tsakiya, can ta ɓangaren Akra take, wato baya za ta mayar da su. Wanda ya tsaya a tashar Cape Coast ya ce "Agona" kawai, yaron mota zai iya nuna masa motar Swedru da zuciya ɗaya, kuma ba laifinsa ba ne.

Sannan kuɗin kaya. Jakar da za ta shiga but ko ta hau saman mota ana biya mata daban, kuma ba shi da ƙayyadadden farashi kamar kuɗin kujera. A yi ciniki kafin a ɗora jakar, ba bayan an ɗaure ta da igiya ba. Kuɗin kujera kuwa ba a tayawa, ƙungiyar direbobi ce ke yanke shi, yana sauyawa idan man fetur ya motsa. Su tambayi fasinjan da ke kusa da su nawa ya biya, shi ke nan. Su riƙe ƙananan takardun sidi, kuɗin Gana, domin yaron mota da aka miƙa wa babbar takarda da sassafe zai ce "ina zuwa", canjin kuma sai an tuna masa.

Ɗan Zangon Effiakuma: Ni ina da hanyar da ta fi wannan sauƙi ga mai kaya. Kada su shiga cikin Takoradi kwata-kwata. Su ɗauki tasi zuwa mahaɗar Pedu, inda babban titi ya ratsa Cape Coast, su tsaya su jira motar da ta fito daga Akra za ta Tarkwa, ko Axim, ko Elubo da ke iyakar Kwaddebuwa. Duk waɗannan ta Agona Nkwanta suke bi. Idan akwai gurbi sai a ɗauke su a sauke su a Agona, hawa uku ya koma biyu. Amfanin shi ne, a Takoradi motar da ta zo daga Cape Coast ba a tashar da motocin Agona ke lodi take sauke mutane ba, sai ka sake ɗaukar tasi cikin gari da jakunkuna. Kuma tun da aka rushe kasuwar Market Circle don sake gina ta, aka tarwatsa 'yan kasuwa zuwa wasu wurare, kwatancen da mutum ya sani a da ba lallai ya yi masa aiki ba.

Direban Takoradi: Ƙanena, dabararka na yi wa mutum ɗaya, ko biyu. Su uku ne. Motar nesa daga Akra take cikowa, da wuya a samu kujera uku a Pedu lokaci guda, kuma wasu direbobin kuɗin Tarkwa cikakke za su caje ka ko da a Agona za ka sauka. Idan sun tsaya rabin awa ba su samu ba, su haƙura su shiga ta Takoradi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin Takoradi da Agona. Gajere ne, amma nan ne ake asarar lokaci. Manyan motocin da ke kawo ma'adinan manganis daga Nsuta da boksayit daga Awaso zuwa tashar jiragen ruwan Takoradi duk ta nan suke bi, saboda layin dogon da ya kamata ya ɗauki wannan nauyi ya daɗe ba ya aiki yadda ya kamata. Nauyinsu ne ke farfasa kwalta. Tirela ɗaya ta lalace a wajen Apowa ko Apremdo, sai layi ya miƙe, tafiyar minti 40 ta zama ta awa biyu. Da damina ramuka kan cika da ruwa, direba bai san zurfinsu ba sai ya faɗa. Da rani kuma ƙura. Wanda ke da asma ya sa takunkumi, kada kuma ya zauna jikin taga a kujerar baya.

Kafin Takoradi akwai Beposo, inda gada ta haye kogin Pra. Ranar kasuwa masu talla da motoci kan cushe bakin gadar. An daina karɓar kuɗin shingen hanya a 2021, amma tudun rage gudu na nan a kowane ƙauye, shi ya sa kilomita 80 ke cin kusan awa biyu.

Malamar makaranta: Maganar damina, a yi la'akari da cewa nan ba irin ta Arewa ba ce. Ruwa mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli ne, Yuni ya fi tsanani, sai kuma ƙarami wajen Oktoba da Nuwamba. Yammacin Gana shi ne ya fi ko'ina ruwa a ƙasar. Jakar da za ta hau saman mota a sa kayan cikinta a babbar leda tukuna, tamfol ɗin direba ba abin dogaro ba ne. Rana kuma wajen shida take faɗuwa duk shekara, duhu na shigowa da sauri. Su yi ƙoƙari su kasance a Agona kafin biyar, domin bayan magariba tasin Busua na raguwa, wanda ya rage kuma shata zai ce.

Waɗanda suka zo daga Najeriya ko Nijar su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya. Fasfo da katin rigakafin shawara su kasance a jikinsu, ba cikin jakar da ke but ba. Hanyar iyaka ce, ana iya tsayar da mota a tambayi baƙo takarda.

Hajiya mai kayan gwari: A Agona, tasin Busua mutum huɗu take ɗauka. Tunda su uku ne, su biya kujera ta huɗun su tashi, ya fi zama jira. Idan direba ya ce "dropin", shata yake nufi, kuɗin daban ne, a daidaita tun kafin a rufe ƙofa. Hanyar na rabuwa biyu kafin a kai teku, hannu ɗaya Busua, ɗayan Dixcove, don haka su tabbatar wacce motar ta nufa. Kuɗi kuma su cira a Takoradi. Busua ƙauye ne, kada su sa rai da na'urar cirar kuɗi. Masu MoMo, wato masu hada-hadar kuɗi ta waya, na nan, amma wani lokaci tsabar hannunsu kan ƙare, kuma baƙon da ba shi da layin Gana ba zai amfana da su ba. Haka Bolt, tasin da ake kira ta manhajar waya: zai iya kai ka daga Takoradi, amma ba za ka same shi a Busua ya dawo da kai ba. Su karɓi lambar direban tasin da ya kai su.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Za su iya tsayawa Elmina a kan hanya? Kuma yaya batun salla da abinci?

Ɗan Zangon Effiakuma: Elmina su je ta tun suna Cape Coast, kilomita 12 ce kawai, tasi na zuwa koyaushe. Ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 na bukatar awa biyu a natse, kuma garin ya ɗan kauce daga babban titi. Haɗa ta da ranar tafiya da jakunkuna shi ne zai jefa su cikin zafin rana a tasha. Idan son tsofaffin ganuwoyi suke, akwai Metal Cross ta Ingilishi a Dixcove, da Batenstein ta 'yan Holan a kan tudun Butre, dukansu ana zuwa da ƙafa daga Busua. Sai dai kada su bi hanyar daji su kaɗai da waya a hannu, su nemi masauki ya haɗa su da ɗan gari.

Salla ba matsala. Tafiyar ta haura kilomita 100, ta kai ta ƙasaru. A Takoradi ko Agona su nemi mai shayi ko mahauci su yi masa Hausa, zai nuna musu masallaci da inda ake sayar da wake da shinkafa ko koko da ƙosai. A Busua kifi ne abincin da ba shi da shakka. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, don haka sabon kifi kan yi ƙaranci.

Malamar makaranta: Ƙarin abu ɗaya, Malam. Tekun Cape Coast na da ja mai ƙarfi a ƙarƙashi, kada su shiga wanka a can ko sun ga yaran gari na yi. Busua ta fi sauƙi saboda gaɓar ta lanƙwasa kuma yashin a shimfiɗe yake, shi ya sa masu koyon hawan igiyar ruwa ke taruwa a wurin. Duk da haka su tambayi masu ba da hayar allunan inda ruwa ke ja a ranar, domin wurin kan sauya. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga jan. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya gwiwa. Tsibirin Abokwa da ake hangowa daga gaɓa ya fi yadda ido ke nunawa nisa, a kwalekwale ake zuwa, kuma a nemi rigar ceto kafin a biya kuɗi.