Shin wahalar yarinta ce ke gina manyan mutane?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wani maraya a ajina da ke zuwa makaranta ba karin kumallo, kuma nakan ji ana cewa irin wannan wahala ce ta gina fitattun mutane. Shin tarihi ya tabbatar da haka?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam, Malama. Dubi Sadio Mane na Senegal, wanda mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, lokacin da ƙauyensu Bambali ba shi da asibiti. Da Allah ya buɗa masa ta hanyar ƙwallo, sai ya koma ya gina musu asibiti, aka buɗe shi a 2021.

Tsohon Ɗalibi: Ni misalin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne Ɗaha Husaini na Masar. An haife shi a 1889, ya makance yana ƙarami bayan wani wanzami ya yi wa idanunsa maganin da bai dace ba, amma duk da haka ya yi karatu a Azhar, ya wuce Faransa, kuma da ya zama ministan ilimi a 1950 ya mayar da karatun sakandare kyauta. Sai dai, Malama, a Faransa matarsa Suzan ce take karanta masa littattafai. Wahalar ta ba shi manufa, amma taimakon mutane ne ya kai shi.

Malamar Firamare: Na gode, Malam. Gobe in sha Allah zan fara da kai wa yaron koko da ƙosai.