Tsohon littafin waƙen yaƙi mai rubutun hannun marubuci, ta ya ake gane na gaske?

Tsohon_Bugu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar tsofaffin littattafai ku ba ni shawara. Na jima ina tara diwanan waƙen Yaƙin Duniya na Ɗaya amma duk sabbin bugu ne, yanzu raina ya biya in mallaki ko guda ɗaya ne bugun farko wanda marubucin ya yi rubutu a ciki da hannunsa. To akwai wani dillali a intanet da ya turo min hotunan littafi biyu. Na farko Counter-Attack na Siegfried Sassoon bugun 1918, a farar takardar gaba an rubuta sunan wani kyaftin sai kuma S.S. a ƙasa, ba kwanan wata ba komai. Na biyun wai diwanin Wilfred Owen ne na 1920 da sa hannun shi Owen ɗin, shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Dillalin yace a hannun jikokin wani soja ya same su, nace to ina wasiƙa ko rasit ko wata takarda, yace shi dai haka aka gaya mai. Ta ya mutum zai bambance na gaske da jabu? Sannan meye ya sa wanda aka rubuta sunan wani a ciki yake fin wanda aka sa wa hannu kawai daraja?

MaiTawada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa na Owen ɗin nan ko kyauta aka ba ka kar ka kira shi mai sa hannu. An kashe Owen a Faransa ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako ɗaya cif a tsagaita wuta, littafin kuma sai 1920 kamfanin Chatto & Windus suka fitar da shi a Landan. Sai dai in daga kabari ya miƙo hannu. Kuma wanda ya iya kawo maka wannan, ni kam na ɗayan ma ban yarda da shi ba.

Dan_Laburare:
Gaskiyar MaiTawada ne, kuma nan ne wajen farawa a duk wannan harka, kafin ka duba tawada ko takarda ka fara tambaya shin mutumin yana raye lokacin da littafin ya fito? Don a waƙen yaƙi da yawa ba su ga littafinsu ba. Rupert Brooke ya rasu 23 ga Afrilu 1915 aka binne shi a tsibirin Skyros na Girka, diwanin da ya ɗaukaka shi, 1914 and Other Poems, bayan mutuwarsa ya fito, saboda haka in za ka ga hannunsa sai dai a diwaninsa na 1911. Edward Thomas a Arras ta Faransa aka kashe shi cikin Afrilu 1917, diwaninsa ya fito a ƙarshen shekarar. John McCrae ya rasu Janairun 1918, littafinsa sai 1919. Ka ga da kalanda kaɗai ka kore rabin 'yan damfara.

Maganar daraja kuwa hawa-hawa ce. Na ƙasa shi ne sa hannu tsura, marubuci ya zauna an jibge masa littattafai yana ta zana sunansa, bai san wa zai saya ba. Sama da shi wanda ya rubuta wa wani da sunansa. Sama da wannan kuma wanda shi da kansa ya ba da kyauta lokacin da littafin ya fito, da kwanan wata. To inda kuɗi ke haukacewa shi ne in wanda aka ba ɗin yana da alaƙa da littafin ko da rayuwar marubucin, ƙololuwa kuma kwafin mutumin da aka sadaukar wa littafin gaba ɗaya, misali The Old Huntsman na Sassoon ga marubuci Thomas Hardy aka sadaukar da shi, irin wannan kwafi ɗaya ne tak a duniya.

Bari in ba ka misalin da ya fi burge ni. A 1917 Sassoon ya rubuta takardar ƙin ci gaba da yaƙin har aka karanta ta a majalisar Ingila, maimakon a kai shi kotun soja sai aka tura shi asibitin Craiglockhart a Edinburgh inda ake jinyar hafsoshin da rugugin yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Owen na can yana jinya, ba wanda ya san shi a matsayin mawaƙi, cikin watan Agusta ya ƙwanƙwasa ƙofar Sassoon da kwafe na The Old Huntsman a hammata yana roƙon a sa masa hannu, nashi da na wasu 'yan uwa da abokai. Daga wannan neman sa hannun abotarsu ta fara, har Sassoon ya riƙa yi masa gyara a waƙoƙinsa, gyaran na nan da hannunsa a kan rubutun waƙar Owen mai suna Anthem for Doomed Youth. To yanzu ka ɗauki kwafin da aka rubuta wa Owen a ranar ka ajiye kusa da wanda Sassoon ya sa wa hannu yana tsoho don wani baƙo ya roƙa, bugu ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma ɗaya shaida ce ta abin da ya faru, ɗayan suna ne kawai a takarda.

Shi ya sa abin da kake saya a gaskiya silsilar hannayen da littafin ya bi ne, kamar dai isnadin hadisi, wane daga wane daga wane har a kai ga mai shi, in aka samu giɓi a tsakiya daraja ta faɗi. "Haka aka gaya min" ba silsila ba ce. Abin da ake nema, tambarin mai littafi da aka manna a cikin bango, rasit na tsohon dillali, kundin gwanjo da ya bayyana wannan kwafin da lambarsa, wasiƙar da ta ambaci kyautar. Littattafan Sassoon na kansa gidan gwanjo na Christie's ne suka yi gwanjonsu a 1975, kuma manyan gidajen gwanjo suna ajiye tarihin abin da suka sayar, ana iya bibiya.

Maganar rubutun hannun kuma kana da sa'a. Jami'ar Kambirij ta sayi takardun Sassoon a 2009 kan fam miliyan 1.25, an ɗora littattafan rubutunsa na fagen daga a intanet kyauta, ka je ka kwatanta da hannunsa na waɗannan shekarun, ba na tsufa ba, don ya rayu har 1967 kuma hannu yana canzawa. Sannan ka nemi kundin da Geoffrey Keynes ya yi kan buge-bugen Sassoon a 1962 ka tabbatar Counter-Attack ɗin kansa bugun farko ne, don an sake buga shi a 1918 ɗin.

Umm_Diwani:
Malam Dan_Laburare Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ɗan ja. Kar a tsorata bawan Allah ya ɗauka duk littafin da ba takarda jabu ne. Wa yake ajiye rasit a ramin yaƙi? Yawancin kyaututtukan nan hannu da hannu aka yi su, littafin ya kwana a akwati shekara tamanin, jikoki suka kwashe suka sayar ba su ma san waye Sassoon ba. In ba silsila kai za ka gina ta, kuma ni wlh nan ne daɗin harkar yake.

Kana da sunan kyaftin ɗin ai. Sassoon a rundunar Royal Welch Fusiliers ya yi aiki, to ka duba ko mai sunan yana cikinta, ko ya kwanta a Craiglockhart, ko sun haɗu ta wani wajen. London Gazette, jaridar gwamnatin Birtaniya, tana buga naɗin hafsoshi da ƙarin girmansu, akwai fayil ɗin hafsoshi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, ita kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunayen waɗanda suka mutu da ranakun. In ka tarar kyaftin ɗin ya mutu a 1916 alhali littafin 1918 ne, an gama magana. In kuma ka tarar bataliyarsu ɗaya a 1918, to ka samu abin da shi dillalin ma bai san yana da shi ba.

Na Owen ɗin ma a sake kallo da kyau kafin a jefar. Wilfred dai ba shi ba ne, wannan ba musu, amma mahaifiyarsa Susan Owen tana raye a lokacin, ƙaninsa Harold ma haka, kuma Sassoon ne ya rubuta gabatarwar littafin. Kwafin da ɗayansu ya rubuta wa wani ba ƙaramin abu ba ne.

MaiTawada:
Hajiya na yarda da binciken sunan, amma ki tuna shi ma ɗan damfara yana da intanet 😅 zai iya zaƙulo sunan hafsa na gaske daga rundunar ya rubuta. Dabararsu ai sananniya ce, a sayi bugun farko na gaske mara rubutu da araha sai a ƙara masa hannu. Ko a yanko sa hannu daga tsohuwar wasiƙa a manna, ko a ciro farar takarda mai rubutu daga wani littafi mara daraja a dasa ta a wannan. Ka duba gindin takardar wajen ɗinki, ka duba ko launinta da girmanta sun yi daidai da sauran, ko ɗigon tsufan da ke jikinta ya yi daidai da na shafin da ke kallonta. Sabuwar tawada a tsohuwar takarda takan yi nashe-nashe a gefen haruffa. In kuma biro ne aka ce 1918 to dariya kawai za ka yi, biro bai shigo kasuwa sosai ba sai wajen 1945. Kuma S.S. haruffa biyu ne fa, wa zai kasa kwaikwaya? Dogon rubutu ya fi wuyar sata.

Kar kuma sunan mutum ya ruɗe ka. Thomas J. Wise babban masanin littattafai ne da ake girmamawa a Ingila, sai a 1934 John Carter da Graham Pollard suka nuna ƙananan littattafan da suka bi ta hannunsa jabu ne, ta hanyar binciken takarda da haruffan bugu. Takardar shaida da dillali ya buga wa kansa ba ta da wani amfani.

Tsohon_Bugu:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake zuƙo hoton, "Wilfred Owen" aka rubuta ɓaro-ɓaro, Hajiya ba Susan ba ce ba Harold ba, wannan kam ya wuce. Na Sassoon ɗin zan bi sunan kyaftin ɗin ko don in koya. Amma in ba wannan dillalin ba, ina mai ƙaramin ƙarfi zai fara?

Dan_Laburare:
Ka nemi dillalan da ke cikin ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai irin ABA ta Ingila ko ILAB ta duniya, ƙa'idarsu ita ce in kaya ya fita ba yadda aka bayyana shi ba za a mayar maka da kuɗinka, kuma ka sa a rubuta bayanin sa hannun a jikin rasit. Ka fara da waɗanda suka yi tsawon rai, Edmund Blunden ya kai 1974, Robert Graves 1985, hannunsu yana da yawa a kasuwa kuma akwai abin kwatance birjik. Irin su Isaac Rosenberg da 'yan ƙananan littattafansa da ya buga da kuɗin aljihu, ko Il porto sepolto na mawaƙin Italiya Ungaretti da aka buga kwafi 80 a Udine a 1916, ko Case d'armons da mawaƙin Faransa Apollinaire ya haɗa kwafi 25 a fagen daga a 1915, waɗannan ka bar wa manyan laburare da masu hannu da shuni. In ka gano wani abu kan kyaftin ɗin ka dawo ka faɗa mana bataliyarsa da shekarar da ya zama kyaftin, don in a 1918 yana laftana ne shi ma wani abin dubawa ne.