Hoton tsaunukan Abzin: yaya mutum zai ɗauko nasa na kansa?

Sabon hannu, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum manya, daga Maradi nake. Cikin Disamba nake shirin zuwa Agadas, daga can Timiya da gindin Bagzan, kwana shida in Allah ya yarda. Kamarata ƙirar APS-C ce, wato mai matsakaicin farantin ɗaukar hoto a ciki, da ido biyu (gilashin gaban kamara da ake cirewa a sauya), 18-55 mai kama fili da faɗi da 55-200 mai jawo nesa, sai ƙafa uku ta ɗora kamara mara nauyi. Abin da ke damuna, hotunan Abzin da nake gani kamar uwa ɗaya ta haife su: dutse a tsakiya, sama shuɗiya, dabino a gefe, raƙumi ɗaya yana wucewa. Me zan yi nawa ya fita daban, har a gani a ce wannan hannun wane ne? Kuma hazon hunturu ba zai ɓata mini aiki ba?

Tsohon mai hoto, Mokoyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da gane dalilin kamar da ke tsakaninsu. Motar kat-kat tana tsayawa inda ta saba tsayawa, mutum ya sauko tsakanin hantsi da azahar, ya tsaya a tsaye, ya buɗe ido a 18, ya danna. Wurin tsayuwa ɗaya, sa'a ɗaya, tsawon mutum ɗaya, faɗin ido ɗaya. Ko mutum ɗari suka yi haka, hoto guda suka ɗauka. Sauya biyu daga cikin huɗun nan, ka riga ka rabu da su.

Sa'a tukuna. A Disamba rana kan fito a yankin Agadas wajen bakwai saura kaɗan, ta faɗi wajen shida. Ba gabas sak take ɓullowa ba, ta karkata kudu da kimanin digiri 24, kuma yini guda ta kudu take bi. Ke nan fuskar dutsen da ke kallon arewa za ta daɗe cikin inuwa, mai kallon kudu kuwa haske zai wanke ta har tsagoginta su ɓace. Abin da kake nema shi ne hasken da ke zuwa daga gefe, wanda ke sa kowace tsaga ta yi inuwarta. Wannan minti arba'in ne bayan fitowar rana da minti arba'in kafin faɗuwarta. Cikin kwari sai ka lura, rana ba ta leƙowa sai ta hau kan tsaunin gabas, kuma tana ɓuya tun kafin magariba. Ranar da ka isa, kewaya wurin ba tare da kamara ba, ka sa alama inda za ka kafa ƙafa uku gobe da asuba. Neman wuri cikin duhu shi ke cinye hasken.

Hazo kuwa, kada ka yi faɗa da shi. Masu zuwa daga nesa suna zaman jiran sama ta washe, shi ya sa hotunansu suka zama iri ɗaya. Kai da ka tashi cikin hunturu, ka san launinsa. Sa idon 55-200, tsakanin 135 da 200, ka nemi inda tsaunuka suka jeru, wani bayan wani. Ƙurar da ke cikin iska takan sa na kusa ya yi duhu, na bayansa ya ɗan kwanta, na can ƙurya ya koma kamar hayaƙi. Jeri huɗu ko biyar a hoto guda, ba sama da yawa, ba ƙasa da yawa. Ka fuskanci wajen da rana take amma kada ita kanta ta shiga hoton, kuma ka kare bakin idon da tafin hannu ko hula don kada haske ya zuba ciki.

Saiti: f/8 (faɗin ƙofar haske a ido, lamba na girma ƙofar na matsewa), ISO 100 (ƙarfin jin hasken kamara), bisa ƙafa uku, da jinkirin daƙiƙa 2 don girgizar yatsa ta lafa. In da hannu ne a 200, kada saurin ɗauka ya sauka ƙasa da 1/320 na daƙiƙa, gara ka ɗaga ISO zuwa 400. Ma'aunin hasken kamara yana ɗaukar komai matsakaicin toka ne, to duwatsun Abzin da yawa baƙaƙe ne, sai ya ƙara haske har sama ta ƙone. In baƙin dutse ya cika hoton, rage haske kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki guda (mataki guda shi ne ninka haske ko raba shi biyu). In rairayi ne ya cika, ƙara kamar haka, in ba haka ba zai fito kamar toka. Kuma daga ƙarfe goma zuwa la'asar ajiye dogon ido. Zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abin da ke nesa ya yi rawa, ba saitin da ke gyara wannan.

Hajiya mai ɗakin hoto, Sabon Gari:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina da ja a wuri guda. Jerin tsaunuka cikin hazo yana da kyau, amma shi ma ya zama hanya da kowa ya sani. Wanda ya tsaya nan zai dawo da hoto mai kyau da ba a san mai shi ba.

Ɗana, tambayi kanka me idonka ya iya karantawa wanda na baƙo bai iya ba. Mutumin Maradi ya san garka, ya san rijiya, ya san albasa da buhu da awo. Abzin ba dutse ba ne kawai. A Timiya akwai lemu da rumman da dabino a bakin kori. A kan Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mita 2022, wuri mafi tsawo a Nijar, mutane na noman albasa da tafarnuwa da dankali, jakuna ke sauko da kaya ta hanyoyin da mota ba ta bi. Akwai rijiyoyin da raƙumi ke jan guga. Kuma gishirin Bilma da muke gani a kasuwanninmu, ayarin mutanen nan ke ɗauko shi. Bari dutsen ya koma baya, aikin mutum ya zo gaba. Igiyar guga da ta ci bakin itace, dutsen a bayanta. Ruwa yana bin ƴar hanyarsa tsakanin fangaloli, inuwar tsaunin a cikinsa. Tarin lemu bisa tabarma da baƙin dutse ya rufe bayansa, ba sama ko kaɗan.

Yadda ake yi: sauke ƙafa uku zuwa tsawon gwiwa, ido a 18, f/8, sa kaifin, wato inda hoton zai fi fitowa tas, a abin da ke mita 2 daga kamara. Daga mita 1 har can dutsen komai zai fito tas. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa kaifi a kan dutsen, sai na gaba ya dushe, ko kuma a matse ido zuwa f/22 da zaton an ƙara kaifi, alhali matsewar da ta wuce f/11 a irin kamararka laushi take kawowa. Riƙe kamarar daidai, kada ka ɗaga bakinta sama, in ka ɗaga dabino za su jingina ciki kamar za su faɗi.

Sannan ka ɗaure kanka da sharaɗi kafin ka tashi. Misali: duk hotunan a tsaye, duk a ido ɗaya, kuma a kowanne akwai abin da hannun mutum ya yi. Kwana shida a kan wannan kawai. Zai yi maka ƙunci ranar farko. Amma salo maimaita zaɓi ne, kuma ba a ganinsa a hoto ɗaya, sai an jera goma sha biyu.

Mutane kuwa, a gaisa tukuna, a nemi izini ta bakin jagora, musamman mata. Wanda ya ƙi, a bar shi.

Sabon hannu, unguwar Zariya:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Saura biyu: in sayi filtar nan mai kashe ƙyalli? Kuma idon 18-55 zai iya hoton dare?

Mai gyaran kamara, Babbar Kasuwa:

Filtar tana da amfani, amma ba don hazo ba. Ba ta share ƙura daga iska. Aikinta kashe ƙyallin ganye da na ruwa, sai koren garka ya fito sosai. Ta fi ƙarfi in rana na gefen kafaɗarka, in tana gabanka ko bayanka kusan banza ce. Tana cin haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a 18 takan yi wa sama baƙin tabo a gefe guda. Duba lambar da ke bakin idon ka sayi daidai ita, da yawa 52 ne ko 55 ko 58.

Dare zai yiwu. Ido a 18, buɗe shi duka f/3.5, daƙiƙa 15, ISO 3200. In ka wuce daƙiƙa 18 taurari za su fara ja. Kashe mai neman kaifi da kansa, ka kafa shi da hannu a kan tauraro mai haske, kana ƙara girman allo. Bi lissafin kwanakin watan sama: daga 25 zuwa 3 sama baƙa ce, taurari sun cika amma dutsen inuwa ce kawai. Daren 5 zuwa 8 ya fi, wata yana haska dutsen kaɗan bai kashe taurari ba. Kada ka sa rai da farin gajimaren taurarin nan mai kauri da ake gani a hotuna, a Disamba yana tare da rana. Abin da kake da shi Kaza da ƴaƴanta ne a gabas bayan magariba, da tauraron arewa da ke ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 18 bisa doron ƙasa, daidai kan tsauni.

Yanzu abin da ke kawo mana kamarori bayan irin wannan tafiya: ƙura. Kada ka sauya ido a fili iska na kaɗawa. Shiga mota, rufe gilashi, kashe kamara, kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin daƙiƙa biyar. Hura da ƴar robar hura iska kafin ka goge, domin goge gilashi da rairayi a kai karce ne. Kada ka hura da baki. Kowane dare ɗauki hoton farar takarda a f/16, in ka ga ɗigo-ɗigo a wuri guda a kowane hoto, ƙura ta hau cikin kamara. Idon 18-55 yana shiga yana fita, yana zuƙar ƙura, wannan ma dalili ne na bin sharaɗin Hajiya na ido ɗaya.

Batir uku aƙalla, da abin cajin mota. Daren Disamba a kan Bagzan sanyi ne mai tsanani, yana shanye batir, sa su cikin aljihun da ke jikinka. Katin ajiya biyu ƙanana sun fi babba ɗaya. Maganar hanya da tsaro da takardu, a Agadas za ka tambayi hukuma da jagoranka kafin ka fita. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko shingensu, kuma jirgi mara matuƙi ba a tashinsa sai da izini.

Tsohon mai hoto, Mokoyo:

Na karɓi gyaran Hajiya, da sharaɗi: abin da za a sa gaba ya kasance yana da alaƙa da dutsen. In an ɗora raƙumi don cike gurbi kawai, an koma gidan jiya.

Saura gyara a kwamfuta, nan ne mutane ke rusa abin da suka gina. Ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba. Kafa launin haske a 5500K, wato launin hasken rana, tun daga can, domin in ka bar kamara ta zaɓa, za ta wanke jan hazon ta mai da shi toka, kuma kowane hoto zai zo da nasa launin. Maɓallin share hazo, kada ka wuce 10 ko 15, fiye da haka sama takan yi datti, bakin dutse ya yi farin zare. Gyara hoto ɗaya har ya yi maka, sannan ka kwafa saitin ga sauran.

In ka dawo, bar su mako biyu ba ka duba ba. Sannan ka tace zuwa 30, a wanke maka su ƙanana 10 x 15, ka shimfiɗa bisa tabarma. Cire duk wanda ka san wani ya riga ya ɗauka, ko da shi ya fi kyau. Abin da ya maimaita kansa cikin sauran, shi za ka bi a tafiya ta gaba.

Kuma kada Abzin ya zama wurin koyon saiti. Maradi ba ta da tsauni, amma jerin gawo a bakin Gulbi da safiyar hazo yana ba da irin wancan jerin, kusa duhu, nesa haske. Tafkin Madarunfa ya isa gwajin mita 2 da na filta. Fita asuba biyar kafin ranar tafiya, ka saba kafa ƙafa uku da kama kaifi cikin duhu ba fitila.