Shin ana iya sauya makin da Windows ke ba kwamfuta?

Mai_Buga_Takardu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana kwamfuta na wannan zaure. Ina da ƙaramin shagon buga takardu, kuma har yanzu da Windows 7 nake aiki, saboda tsohuwar firintata ba ta jituwa da waɗanda suka biyo bayanta. A makon nan wani mai sayar da kwamfutoci na hannu ya kawo mini laftof, ya buɗe mini shafin nan da ke nuna makin ƙarfin na'ura, wanda ake kira Windows Experience Index, sai na ga layuka biyar ɗin duka 7.9 ne, wato makin ƙoli a Windows 7. Ya ce wannan shaida ce daga Microsoft kanta, ba daga bakinsa ba, kuma a kan haka ya yanka farashi. Na ba da kafin alƙalami, ya bar mini ita zuwa ranar Juma'a.

Abin da ya sa mini shakka shi ne, tana ɗaukar lokaci kafin ta gama tashi, kuma idan na buɗe Word na kara kunnena kusa da inda ake ɗora hannu, ina jin wani abu yana ƙar-ƙar a ciki. Shin mutum yana iya sauya waɗannan makin da hannunsa? Idan yana iyawa, ta yaya zan gane ainihin ƙarfinta kafin in cika kuɗi?

Injiniya_B ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ana iya sauya su, kuma aikin bai fi na gyara wasiƙa wahala ba. Dalili shi ne, shafin da ya nuna maka ba ya auna komai a lokacin da kake kallonsa. Akwai wata ƙaramar manhaja a cikin Windows mai suna WinSAT, wadda ta fara zuwa tare da Windows Vista, ita ce ke gwada furosesa da RAM da ɓangaren hotuna na yau da kullum da na wasanni da kuma faifan ajiya, sannan ta rubuta sakamakon a cikin fayil. Shafin makin wannan fayil yake karantawa ya nuna maka abin da ya tarar, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba.

Fayil ɗin yana cikin C:\Windows\Performance\WinSAT\DataStore. Sunansa yana farawa da kwanan wata da lokacin da aka yi gwajin, sai kalmomin Formal.Assessment, ya ƙare da WinSAT.xml. Rubutu ne zalla wanda Notepad ma yana buɗewa, kuma kusa da farkonsa za ka ga wani sashe mai suna WinSPR, inda aka jera SystemScore da CpuScore da MemoryScore da GraphicsScore da GamingScore da DiskScore, kowanne da lambarsa. Duk wanda yake da izinin mai kula da kwamfutar zai iya goge 5.9 ya rubuta 7.9, ya adana, shi ke nan. Babu wani hatimi ko sa hannu a jikin fayil ɗin da zai sa Windows ta ƙi karɓarsa.

Wannan ƙarar da kake ji kuwa ta riga ta ba ka amsa. Faifai mai juyawa ne ke yin ta, domin SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. A Windows 7 kuma irin wannan faifai a 5.9 yake tsayawa, komai kyansa, sai SSD ne ke haura wannan iyaka. Tun da babban makin nan na gefe ana ɗaukarsa ne daga mafi ƙanƙantar makin biyar ɗin, ba matsakaicinsu ba, to kwamfutar da Windows ke zaune a kan faifai mai juyawa ba za ta taɓa nuna 7.9 ta hanyar gaskiya ba. Ko manyan kwamfutocin tebur na zamanin Windows 7 da wuya suke cika 7.9 a kowane layi, balle laftof ta hannu.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne. Ka jona ta da caja, domin gwajin ba ya yarda ya gudana a kan batir, ka rufe duk abin da ke buɗe, sannan a ƙasan wannan shafin na makin ta dama ka danna Re-run the assessment. Allon zai riƙa ƙyaftawa na wasu mintuna, kada hakan ya dame ka. Idan ta gama za ta rubuta sabon fayil, makin da aka shirya ya tafi.

Malama_Hadiza_IT ta amsa:

Bayanin Injiniya ya wadatar a kan yadda abin yake, sai dai ina so in ƙara cewa kafin Malam ya sake gwajin, yana da kyau ya kwafi tsohon fayil ɗin a filas, domin shi ne hujjarsa idan mai kayan ya musa. Akwai alamomi biyu a jikinsa da masu wannan aiki kan manta. Ta farko, kwanan watan da ke cikin sunan fayil ɗin na ranar gwaji ne, amma ranar da Windows ta nuna an yi masa gyara na ƙarshe za ta bambanta idan an taɓa shi daga baya. Ta biyu kuma ta fi ƙarfi: a ƙasan makin akwai ainihin alƙaluman awon, kamar megabait nawa faifan ya karanta a daƙiƙa ɗaya, da sunan furosesa, da girman RAM. Mai gaggawa lambobin sama kawai yake gyarawa, ya bar na ƙasa suna ƙaryata shi.

Sannan kada a tsaya a kan makin kaɗai, domin wanda ya iya wannan yana iya sanin ɗan'uwansa. Sunan furosesa da ke fitowa a shafin System daga rajistar Windows ake karanto shi, kuma ana iya rubuta Core i7 a inda Core i3 yake. Wannan gyaran yana gogewa da kansa idan aka kashe kwamfutar aka kunna, sai dai in an saka wani abu da ke maimaita shi a kowane tashi. Shi ya sa ni idan aka kawo mini na'ura in duba, BIOS, wato shafin saitin na'urar kanta, nake fara shiga tun kafin Windows ta tashi, in ga furosesa da RAM a can. Bayan haka in sa CPU-Z, wadda ke tambayar furosesar kai tsaye, da CrystalDiskInfo, wadda ke nuna irin faifan da lafiyarsa da yawan awannin da ya yi yana aiki. Duka biyun kyauta ne, kuma ya fi kyau mutum ya zo da nasa a filas maimakon ya yi amfani da waɗanda ya tarar a cikin kwamfutar.

Ga masu Windows 10 ko 11 da za su karanta wannan, Microsoft ta cire shafin makin tun a Windows 8.1, amma WinSAT tana nan. Ana buɗe PowerShell da izinin mai kula, a rubuta winsat formal, idan ta gama a rubuta Get-CimInstance Win32_WinSAT. Sikelin ma ya sauya: Vista daga 1.0 zuwa 5.9 take, Windows 7 zuwa 7.9, daga Windows 8 kuma zuwa 9.9, saboda haka ba a gwama makin wata da na wata. Kuma idan kuka ga D3DScore, wato makin wasanni, ya nuna 9.9 a Windows 10, kada ku yi murna, kada kuma ku zargi kowa, domin an daina yin wannan gwajin, lambar ajiye ta kawai aka yi, kowace kwamfuta ita take nunawa.

Ɗan_Kwaleji ya amsa:

Ni ina ganin bai kamata a yi saurin yanke wa mai kayan hukunci ba. A lokacin da Windows 7 ke tashe, matasa da yawa sun riƙa sauya wannan maki don wasa, su ɗauki hoton allo su nuna wa abokai, har da masu rubuta lambar da ta wuce iyakar sikelin. Kwamfutar hannu tana iya zuwa da Windows ɗin mai ita na farko, shi kuma dillalin ya ga 7.9 ya gaskata. Ina kuma da tambaya ga Injiniya: tun da an ce Windows tana duba sakamakon gwajin wajen yanke wasu shawarwari, kamar kunna Aero, wato adon nan da ke sa tagogin Windows su yi kama da gilashi, shin ɗaga makin ba zai iya amfanar tsohuwar kwamfuta ba?

Injiniya_B ya amsa:

Uzurin da ka kawo mai yiwuwa ne, kuma ranar gyaran fayil ɗin da Malama ta ambata ita za ta raba gardama: idan shekaru ne da suka wuce, wataƙila gado ya yi, idan kuwa makon jiya ne, to magana ta sauya. Amma ko da gadonsa ya yi, mutumin da sana'arsa ke nan, wanda ya san faifan da ke ciki, bai kamata ya ɗora farashi a kan lambar da bai gwada ba. Wasa tsakanin abokai daban, ciniki daban, na biyun algus ne.

Game da tambayarka, gaskiya ne Windows 7 tana amfani da awon WinSAT. Misalin da Microsoft ta bayyana da kanta shi ne, idan faifan da Windows ke kai ya wuce megabait 8 a daƙiƙa wajen karatun bayanai a warwatse, tana cire shi daga jadawalin tattara fayiloli da take yi da kanta, domin ta ɗauke shi a matsayin SSD ko makamancinsa. Ka lura cewa ainihin awon ake dubawa a nan, kuma da a ce mutum ya yi nasarar yaudararta a wannan, kansa ya cuta, tun da faifai mai juyawa yana buƙatar wannan tattarawar. Shi kuwa Aero yana buƙatar katin hoto mai ɗaukar DirectX 9 da direba irin ta WDDM, kuma babu shi kwata-kwata a Windows 7 Starter. Rubuta lamba a fayil ba ya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda yake son makin tsohuwar laftof ya tashi, kuma ya ji tashin a hannunsa, ya cire faifan ya sa SSD, ya ƙara RAM ta kai gigabait 4 ko fiye.

Mai_Buga_Takardu ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kwafi tsohon fayil ɗin kamar yadda Malama ta ce, sannan na sake gwajin. Furosesa ta ba da 6.5, RAM 5.5, hotuna 4.9, wasanni 6.1, faifai 5.9, babban makin ya sauko zuwa 4.9. A BIOS na ga Core i3 da RAM gigabait 2, kuma an gyara fayil ɗin ne a cikin watan nan, alhali kwanan da ke cikin sunansa na shekarun baya ne.

Na kira mai kayan na karanta masa lambobin, ya ce yaron shagonsa ne ke saka wa kwamfutocin Windows, zai bincika. Ban ja maganar ba. Ga aikin buga takardu na'urar za ta ishe ni, don haka na gaya masa ko dai ya rage kuɗin SSD da na ƙarin RAM daga farashin, ko ya dawo mini da kafin alƙalamina ranar Juma'a. Malama, idan mun daidaita, SSD mai gigabait 128 zai wadatar da Windows 7 da Office, ko in daure in nemi mai 256?

Malama_Hadiza_IT ta amsa:

Mai 128 zai ɗauke su har da saura, amma tun da takardun mutane da hotunansu za su riƙa taruwa a wurinka, ka nemi mai 256 idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba. Ka tabbatar mai inci 2.5 ne na SATA, domin shi ne zai shiga gurbin tsohon faifan. Kuma tun da Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairun 2020, ka bar wannan laftof ɗin ga firinta kawai, kada ka riƙa shiga asusun banki da ita.