CODEOWNERS ya ƙi kiran ƙungiyarmu a GitHub

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne a wani ƙauye kusa da Ringim, muna haɗa manhajar lissafin bashin taki ta ƙungiyar manoma. So nake duk wanda ya buɗe pull request (buƙatar a shigar da gyaran da ya yi a manhajar), GitHub, shafin da muke ajiye aikin, ya nemi dukkanmu mu duba, ba sai na bi kowa a WhatsApp ba, ga netwok ɗinmu sai an hau tudu.

Na sa fayil ɗin CODEOWNERS (inda ake rubuta sunayen waɗanda za a kira su duba gyara) cikin folda .github a babban reshen aikin, wato main. Idan na rubuta sunan mutum ɗaya, nan take yake kiransa. Da na sa sunan ƙungiyarmu ta GitHub (team ɗinmu mu biyar), shiru kake ji. Na ba ta izinin rubutu a aikin, kuma ba draft (pull request ɗin da ba a gama shirya shi ba) muke buɗewa ba. Ko don na mayar da ƙungiyar ta sirri ne? Kwana 3 ke nan ina fama, don Allah a taimaka.