Dokina yana ta yar da takalmi a caɓi, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa masu harkar doki. Akwai wani bidi da na saya wajen wani ɗan folo a Kaduna, ya zo min da takalman ƙarfe ƙafa huɗu, to tunda ruwa ya zauna a Agusta wallahi ban huta ba, sau uku ke nan yana yar da takalmi cikin sati biyar, kuma mai sakawar daga nesa yake zuwa sai na biya kuɗin mota bayan kuɗin aiki. Bargarmu a bakin fadama take, hanyar da yaro ke bi da shi kilisa duk taɓo ce. Na ƙarshen ma har da ɓallin kofato ya tafi. Ƙusar ce ba ta da kyau ko mai aikin ne bai iya ba?

Wani mai saka wa dawaki takalmi:
Wa alaikumussalam. Kafin a ɗora wa ɗan uwana laifi, wace ƙafa ce?

Mai tambaya:
Duk ta gaba ce malam, biyu dama ɗaya hagu.

Mai saka takalmi:
To ai ka ga zancen. Mutane gani suke laka ce ke tsotse takalmi, eh tana ja, amma yawanci dokin ne ke cire abinsa da kansa. In ƙafar gaba ta nutse a taɓo tana makara wajen ɗagowa, ita kuwa ta baya ta riga ta taho, sai bakinta ya taka dugadugin takalmin gaba, yana ɗaga ƙafa shi ke nan ƙusa ta zare. Ga kuma jiƙewa da bushewa, kofato ya sha ruwa ya kumbura, rana ta fito ya tsuke, kullum haka, sai kan ƙusoshin nan da muka lanƙwasa ya saki. Shafa hannunka a bangon kofaton, in kan ƙusa ya karce ka to an kusa. Ka ce wa mai aikin kar ya bar takalmin ya leƙo da yawa ta baya a wannan lokaci, amma fa kar ya gajarce shi har dugadugi ya rasa madogara, wannan wata matsalar ce. Ya sa mai 'yan kunnuwan nan da ke kama bangon kofato, kuma kar ku wuce sati 5 zuwa 6 ba a yanke an sake ba, kofato ya fi saurin tsiro da damina. Sai robar nan mai kamar ƙararrawa da 'yan folo ke sa wa a wuyan ƙafa, amma ka sayi wadda ta sauko ta rufe bayan takalmin, ƙarama asarar kuɗi ce.

Wani ɗan Zariya:
Ni baƙin mai nake shafa wa nawa kuma lafiya lau.

Wata ɗalibar likitancin dabbobi:
Yaya don Allah a daina baƙin mai, dattin inji ne, ba ya riƙe ƙusa. Abin da ya fi ba ni tsoro takalmin da ya karkace bai faɗi ba, doki ya taka ƙusar ta shige masa tafin ƙafa ta tara ruwa, ga tetanus da dawaki ba sa jurewa. In ka ga haka kar a hau, a cire gaba ɗaya. Kuma kullum a kwakule lakar a sunsuna, in tsagin nan na tsakiyar tafin ƙafa yana fitar da baƙin abu mai wari ruɓa ta fara.

Wani dattijo daga Katsina:
Ɗana, ni tambayata folo kake bugawa da shi? In kilisa ce da hawan sallah me ya kai ka ƙarfe? Shekara ta fi 30 ina da doki a turke ban taɓa buga wa ko ɗaya ƙusa ba. Cire masa, a zagaye bakin kofaton da magagari, ka zuba yashi tifa guda inda yake kwana wurin ya ɗaga ruwa ya riƙa wucewa. Zai ɗan yi taka tsantsan a kan tsakuwa sati biyu uku tunda ya saba da takalmi, kar ka tsorata.

Mai saka takalmi:
Baba zai hana mu cin abinci 😂 amma gaskiya ya faɗa, balle da ɓallin nan, ƙusa ma ba ta da wurin kamawa sai ya tsiro.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yanzu yaro ya kawo min takalmin da ya tsinto a hanyar fadama, reshe ɗaya ya lanƙwashe ta baya kuma ga shatin inda aka taka yana ƙyalli. Baba yashin rafi ne ko na gini ma ya yi?